Titin da Muka Share Maka

Zuwa ga Mai Girma Alhaji Garba, shugaban kwamitin da majalisar dokokin jiharmu ta naɗa don duba dokokin kiyaye haɗurra a kan hanya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina miƙa gaisuwar da ta dace da kujerarka, ina kuma gaishe da iyali da abokan aikinka na kwamiti. Da fatan kun koma Kano lafiya, gajiyar zagayen da kuka yi ta sake ku.

Mai rubuto maka Isyaku ne, tsohon safiyo mai awon ƙasa, yanzu manomin shinkafa, daga garin nan da ke tsakanin Kura da Bunkure inda kuka tsaya makonni uku da suka wuce. Ni ne dattijon da ya karanta muku jawabin maraba da Turanci. Na san ka san ni. Saboda masu karatu na yi wannan bayani, domin ban aika takardar nan ofishinka ba, jarida na kai wa. Na yi aikin gwamnati, na san inda takarda irin tawa take ƙarewa idan ta shiga hannun sakatare. Bayan haka, a gaban jama'a na yi maka ƙarya, a gaban jama'a ya kamata in warware ta.

Shekaranjiya na ji ka a rediyo. Ka ce kwamitinku ya kusa miƙa rahoto, kuma za ku nemi a yi doka mai tsanani a kan masu tare hanya da kaya, a riƙa cin su tara. Sannan ka kawo garinmu misali. Ka ce duk yawon da kuka yi ba ka ga titi mai tsafta kamar namu ba, ka ce mu ba mu da matsala, sauran garuruwa su yi koyi da mu. Mutanen da muke zama da su a gindin darbejiyar masallaci har kabbara suka yi. Ni kuwa na duƙufa ina ƙirga kurakuran da ka yi a 'yan kalmomin Turancin da ka jefa cikin maganarka. Uku na samu. Ka ga abin da na koma.

Ranka ya daɗe, titin da ka gani ba shi ne titinmu ba. Share maka shi muka yi.

Da ka zo kwana uku kafin ranar, ko washegarinta, da ka tarar da shanya tun daga gadar kanal ɗin ruwan noman rani har kwanar makabarta, hagu da dama, ta cinye kusan rabin kwalta. Da kaka shinkafa ce, wadda mata suka turara a gida, a baza ta ta sha rana kafin a kai inji. Da rani, idan tumatir ya yi kwantai, a yanka a baza ya zama kauɗa. Kowa yana jera duwatsu ya kewaye tasa don kada taya ta hau. Motoci biyu ba sa wucewa lokaci ɗaya sai guda ta kauce, kuma babu direban da yake son ya zama shi ne mai kaucewa. Ɗan acaɓa idan ya taka ƙwayar shinkafa a kan kwalta, kamar ya taka sabulu ne. Awaki su tsallako su ci, a biyo su da gudu. Mai juya shanya kuwa a sunkuye take, manjagara a hannu, ta ba motoci baya.

'Yan birni suna cewa jahilci ne. Rashin wuri ne, kuma na san ranar da wurin ya ɓace, don ni na riƙe sarƙar awo.

Ka tuna fakon da ke gabas da gari, inda muka buga ƙwallo shekarar da ka biyo ni gida hutun makaranta? Nan iyayenmu suke sussuka da shanya tun kafin a haife mu. Da aka zo shimfiɗa aikin noman rani, ina sabon fitowa daga makarantar awo, ni na auna fakon nan, na kafa masa turaku, katafila ta bi ta baje shi, aka mai da shi gona. A taswirar da aka ba mu akwai hanyar ruwa, akwai hanyar tarakta, akwai ofis, har da rumfar ajiye motar manaja. Babu wanda ya tambayi inda za a shanya abin da za a noma. Ni ma ban tambaya ba. Ina can ina jin daɗi Baturen da ke kan aikin ya yaba da miƙewar layina. Yau duk inda ka sa ƙafa a ƙasar nan, ko laima ko shuka. Abu ɗaya ne ya rage busasshe, mai tauri, mai ɗaukar zafin rana, wanda ba na kowa ba, shi ne kwalta.

To me ya sa ban gaya maka wannan ba ranar da ka zo? Sai na koma baya kaɗan.

Shekara biyar kana zaune a bayana a aji. Duk ranar jarrabawar lissafi sai in ji tsinin fensir a gadon bayana, da muryarka ƙasa-ƙasa: "Farfesa, ɗan matsar da kafaɗarka." Kai ka laƙaba mini sunan, har malamai suka ɗauka. Ni kuma in karkace, in kwantar da takardata gefe, ka kwafa. Wani lokaci har da kuskurena kake kwafewa, a yi mana bulala tare. Ban taɓa jin haushi ba a lokacin. Daɗi nake ji. Na ɗauka haka duniya za ta ci gaba, ni a gaba, kai a baya kana leƙe.

Na fita da sakamakon da aka karanta a gaban 'yan makaranta. Kai ka fita da ƙyar, ka shiga Kano kana sayar da kayan gyaran mota. Ranar da na zo shagonka da motar ofis, ka saya mini lemo, ka riƙa nuna ni ga maƙwabtanka kana cewa ga abokinka injiniya. Ban gyara maka ba.

Daga nan aka rage ma'aikata. Takarda mai layi huɗu ce ta mai da ni gona. Kai kuma shago ya zama biyu, ya zama kwangila, ka je Makka, ka sake zuwa. Da mulkin farar hula ya dawo sai ga hotonka manne a jikin injin casar garinmu, ka yi ƙiba, ka sa hula ta karkace, kana murmushin nan naka da ba ya canzawa. Na jefa maka ƙuri'a, kada ka ce ban yi ba. Amma na yi fatan ka faɗi.

Shekarun nan duk na kasa kunne ko zan ji an ce ka ci kuɗin wani. Allah ya sani na saurara sosai. Ban ji ba. Da ɓarawo ne kai da na sami sauƙi, da na ce ai shi ya sa. Sai ya zamana mutumin kirki ne kawai wanda Allah ya ba, ni ya hana ni. Wannan ya fi ciwo, kuma na san faɗinsa ma zunubi ne.

Binta ta gane tun da wuri. Ka san ta, kai ne babban abokin ango da ya riƙe mini sanda ranar ɗaurin aurenmu, kana ta tsokanar ƙawayenta. Takan ce, "Malam, duk ranar da aka ambaci Alhaji Garba a rediyo, tuwona ba ya daɗi. Ko dai in riƙa kashe rediyon kafin in tuƙa?" In yi mata tsawa, ta yi dariya ta ƙara mini miya. Da turarar shinkafarta aka rufa mana asiri bayan an sallame ni. Da ta manyanta, yara suka watse, ita da kanta take fita shanya.

Shekara huɗu ke nan da rasuwarta. An gaya maka gajeriyar rashin lafiya ce. Ni na ce a gaya maka haka.

Da kaka ne, bayan azahar. Tana sunkuye tana juya shinkafa kusa da kwanar makabarta. Babbar mota ɗauke da albasa ta taho, bas ta taho daga ɗaya ɓangaren, ga duwatsun shanya a tsakiya. Direban albasa ya kauce wa bas. Ba a buge yake ba, ba wani gudu na hauka yake ba. Na same shi zaune a ƙasa ya ɗora hannu a ka yana kuka kamar ƙaramin yaro, har na kasa tsanarsa. Manjagararta ko karyewa ba ta yi ba.

Kana ƙasar waje lokacin. Ka aiko direbanka da takardar ta'aziyya wadda ka rubuta da hannunka, da buhun shinkafa 'yar waje. Na tsaya ina kallon buhun nan a zaure, fara tas, babu tsakuwa ko ɗaya, an kawo gidan matar da ta mutu a kan shanyar shinkafa. Na san ba ka sani ba. Ta yaya za ka sani? Duk da haka na riƙe shi a zuciya kamar zagi, na bayar da shi sadaka ko buɗewa ban yi ba, ban kuma ba ka amsa ba. Gaskiyar ita ce ban so ka ji cewa matar Farfesa a bakin titi ta mutu tana shanya ba.

Da labari ya zo cewa kwamitinku zai tsaya a garinmu, dagaci ya tara mu a ƙofar gidansa. Ka san halinmu, idan baƙo zai zo sai an yi shara, ko da gidan babu abin ci. Ya ce a kwashe shanya, a share titi. Liman ne ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a bar musu su gani mana. Ai abin da ya fito da su daga Kano ke nan." Sai kowa ya juyo yana kallona, don ni ne wanda ya san gwamnati, kuma ni ne wanda aka kashe wa mata.

Kalma ɗaya zan faɗa a bar shanyar nan. Sai na gyara zama na ce idan suka gani tara za su ci mu, gwamnati ba ta zuwa don ta taimaka. Magana ce mai kama da hankali, kowa ya gyaɗa kai. Amma ba ita ce a zuciyata ba. Abin da ke zuciyata shi ne shanyar gidana tana cikin waɗanda ke kan titin, kuma na hango ka a bayan mota mai sanyi, ka sauke gilashi, ka ga gidan Farfesa a cikin masu tare hanya.

Kwana biyu muna aiki. Aka tattara shinkafa da laimarta aka cusa a buhuna, ta wasu ta yi baƙi ta yi wari kafin ku tafi, ba wanda ya biya su. Aka share kwalta da tsintsiya kamar tsakar ɗaki. Duwatsun shanya kuwa, waɗannan dai da suke kashe mutane, muka shafa musu farar ƙasa muka jera su a gefen hanya kamar ƙofar bariki. Har ka yaba da su.

Ni kuma na zauna kwana uku ina gyara jawabi. Na ciro tsohon ƙamus, na zaɓo kalmomin da na tabbata ba ka san su ba. Ba don kwamiti na rubuta shi ba, ba don gari ba. Don kai na rubuta, don ka tsaya a gaban mutanenka ka ji cewa har yanzu a bayana kake zaune.

Sai ga jiniya, sai ga motoci. Ka fito, ka ganni a cikin rigar sallata, ka ture ɗan sandan da ke gabanka ka rungume ni. Ka juya ga abokan aikinka ka ce, "Ku tsaya ku ga mutumin da ya fitar da ni daga makaranta. Wallahi da ba don kafaɗar Farfesa ba, da har yau ina aji uku." Suka yi dariya, kai ma ka yi. Ko kunya ba ka ji ba. Makamin da na yi shekara arba'in ina wasawa, ka ɗauke shi da kanka ka yi wasa da shi a gaban jama'a. Har wannan sakin zuciyar taka sai da na yi maka hassadarsa.

Da na gama jawabi aka tafa, ka kama hannuna ka ja ni gefe, muka ɗan taka a kan titin. Hannunka da laushi, nawa kamar ɓawon itace, na ji kamar in fizge. Ka rage murya ka ce, "Kai ka san hanyar nan fiye da injiniyoyinmu. Gaya mini gaskiya, ina ciwon yake?"

Na ce babu komai sai alheri, ranka ya daɗe.

Garba, taku goma sha ɗaya ne tsakanin inda muka tsaya da inda Binta ta faɗi. Na koma na auna bayan kun tafi. Aikin safiyo ba ya barin mutum.

Kana tuna Hadiza, 'yata ta biyu, wadda ka aiko wa da atamfa lokacin aurenta? Mijinta ya rasu bara, ta dawo gida da 'ya'ya uku. Ita ta gaji tukunyar turarar uwarta, ta gaji manjagarar, ta gaji wurin ma, don a nan kowane gida ya san iyakar kwaltarsa kamar yadda ya san iyakar gonarsa. Ranar da kuka zo tana cikin matan da suka tsaya daga nesa. Da yamma ta kawo mini abinci, ta durƙusa ta ajiye, ba ta ɗago ba, ta ce, "Baba, an ce Turancin ya yi daɗi ƙwarai. Na kasa kunne, sunan Inna ne kawai ban ji ba." Ta tashi ta fita.

Washegari da hantsi ta ɗauki buhunanta ta koma titi, ita da kowa. Daga ƙofar gidana ina hango ta. Sunkuyonta irin na uwarta ne sak. Duk motar da ta yi ƙara daga wajen gada sai in miƙe tsaye, in ta wuce in zauna. Haka na riƙa wuni har zuwa jiya.

Idan rahotonku ya shiga majalisa yadda na ji a rediyo, an rubuta garinmu a cikin marasa matsala ke nan, ba mai sake waiwayarmu. Dokar tara kuma ba za ta ɗaga Hadiza daga kan kwalta ba, don ba ta da inda za ta. Za ta dai riƙa shanya da ido ɗaya a kan ma'aikatan karɓar tara, ido ɗaya a kan shinkafa, babu wanda ya rage wa mota.

Ga abin da nake roƙo. Kafin ku sa hannu, ka dawo. Kada ka sanar da dagaci, kada ka sanar da ni. Ka bar jiniya a Kano, ka bar manyan motocin a Kura, ka shigo motar haya da mutum biyu daga cikin kwamitinka, da rana tsaka, kowace rana ban da Juma'a. Ka sauka a gadar kanal ka taka da ƙafa zuwa kwanar makabarta. Ba sai kowa ya karanta maka jawabi ba.

Na san babbar hanyar Zariya ta tarayya ce, ba ku da iko da ita sosai. Amma wannan reshen da ya ratsa mu na jiha ne, naku ne. Kuma akwai wuri. Bayan tsohon sito na aikin noman rani akwai tudun da ruwan kanal ba ya hawa, shi ya sa ba a taɓa noma shi ba. Filin gwamnati ne, ciyawa da jakuna kawai ke cinsa. Na auna shi tun shekarar da Binta ta rasu. Na zana daɓen siminti mai ɗan gangare don ruwan sama ya zurare, na raba shi gida-gida yadda mata suka raba kwalta, don kada a yi faɗa. Na sa tudun rage gudu biyu, ɗaya kafin gada, ɗaya kafin kwana. Ku rubuta a dokarku cewa ba za a ci kowa tara a gari ba sai an fara yi masa wurin shanya. Ba mu kaɗai ba ne. Duk garin da aka share muku titi a zagayen nan, ku tambaya me aka kwashe.

Shekara huɗu zanen nan yana cikin akwatina. Sau biyu na sa shi a ambulan da sunanka, sau biyu na ciro. Abin da ya hana ni shi ne na hango ranar buɗewa: an kafa allo, an rubuta sunanka da manyan baƙaƙe, ana tafa maka, ni ina cikin taro a baya. Na zaɓi 'yata ta ci gaba da ba motoci baya da in ga wannan allon. Na rubuta jumlar nan na daɗe ina kallonta, na so in soke, na bar ta.

Ba zan ce maka hassadar ta tafi ba. Na tsufa da yin ƙarya biyu a wata ɗaya. Gobe idan na ji ka a rediyo zan sake ƙirga kurakuranka. Amma akwai abin da ya riga ta zama a zuciyata. Shekarar da zazzaɓi ya kwantar da ni a makaranta, kai ka goya ni daga ɗakin kwana zuwa asibiti, kana haki kana zagina wai na cika nauyi kamar buhun gero, kana cewa in na mutu wa zai ba ka amsa. Mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, duk ƙullin ƙuli-ƙulin da ta aiko maka sai ta ƙulla nawa daban. Ban manta ba, Garbati. Na dai binne ne, na yi shuka a kai.

Ka yafe mini amsar ta'aziyyar da ban ba ka ba. Takardar tana nan, a akwati ɗaya da zanen.

Idan ka zo, ba za ka same ni da rigar salla ba. Tun jiya na karɓi manjagarar daga hannun Hadiza, na ce ta zauna a gida ta yi turara, ni zan riƙa juyawa. Mutanen gari suna ta kallo, wasu suna dariya, wai Farfesa ya fito shanya. Za ka same ni a wurin, ƙafa ba takalmi, zanen yana aljihuna a cikin leda. Ka sauke gilashi ka kalle ni da kyau, na daina ɓuya.

Ga shi na matsar da kafaɗar, Garba. Ka kwafa duka. A wannan karon babu kuskure a ciki, na duba sau da yawa. Ka sa sunanka a allon.

Allah ya jiƙan Binta, ya haskaka kabarinta, ya jiƙan iyayenmu. Allah ya tsare duk wanda neman abinci ya sunkuyar da shi a bakin hanya, ya tsare masu tuƙi daga ɗaukar rai. Allah ya yi maka jagora a kan kujerar da ya ba ka, ya ƙara maka, ya kuma wanke mini zuciya har in iya faɗin wannan addu'ar ba tare da ta tsaya mini a wuya ba. Amin.

Naka tun daga bencin gaba,
Isyaku